Daskararren Abincin Rage Ƙiba Ko Girkin Gida: Wanne Zai Yi Wa Mutumin Shagari Aiki?

Duk mai riƙe da babbar waya a yau, a Shagari yake ko a Boɗinga, da wuya ya yi mako guda bai ci karo da tallar rage ƙiba ba a Facebook ko TikTok ko zaurukan WhatsApp. An daɗe ana tallar shayin rage tumbi da ɗamarar ɗaure ciki. Yanzu kuma ga wani salo da ya samo asali daga Amurka: abinci dafaffe, an zuba shi a 'yar roba daidai cin mutum ɗaya, an daskarar da shi a firiza, an rubuta adadin kalorinsa a jikin murfi. Naka kawai ka ɗauko, ka ɗumama, ka ci. Masu wannan sana'a a Najeriya galibi a manyan birane irin su Legas da Abuja suke, suna karɓar oda ta intanet.

Shin wannan abinci ya fi girkin gida rage ƙiba? In ma ya fi, zai amfani mutumin da ke zaune inda wutar lantarki ba ta tsayawa, zafi kuma ke haura digiri 40 a bazara? Maganar ta wuce ta ado. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 28 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce ƙima, yayin da kashi 12 ke fama da rama. Ma'aikacin ofis, ɗan kasuwa mai wuni a zaune a shago, direba, uwargidan da jikinta ya buɗe bayan haihuwa, su ne likita ke yawan ce wa su rage nauyi saboda hawan jini ko ciwon suga ko ciwon gwiwa. Su tallar ke nema, kuma aljihunsu da lafiyarsu ne za su ji jiki in suka yi zaɓen tumun dare.

Amsar a taƙaice ita ce: abin da ke sa daskararren abinci rage ƙiba shi ne awo, kuma awo abu ne da za a iya yi a kowane madafi a Shagari da na'urorin da ba su kai kuɗin ƙaramar waya ba. Ga bayanin dalla-dalla.

Daga ina abin ya faro?

Wani Ba'amurke mai suna Clarence Birdseye ya zauna a yankin Labrador na ƙasar Kanada tun kafin 1920, inda ya ga kifin da masunta suka fito da shi daga ruwa yana daskarewa nan take saboda tsananin sanyi, kuma in aka narkar da shi bayan watanni ɗanɗanonsa na nan. Dalilin kuwa shi ne, daskarewa cikin sauri na haifar da ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara da ba sa fasa tsokar abinci, saɓanin daskarewa a hankali. Ya ƙera injin da ke yin hakan, aka fara sayar da kayansa a shaguna a 1930. A farkon shekarun 1950 kamfanin Swanson ya yaɗa cikakken abincin dare a tire, wanda ake ɗumamawa a ci a gaban talabijin. A 1981 kamfanin Stouffer's, mallakar Nestlé, ya fito da Lean Cuisine, abincin da kowane mazubi bai kai kalori 300 ba. Healthy Choice na kamfanin ConAgra ya biyo baya a ƙarshen shekarun 1980.

Mai karatu ya lura da inda aka haifi wannan fasaha: ƙasar da kusan kowane gida ke da firiza da maikirowef da wutar da ba ta ɗaukewa, kuma mutane da yawa na zaune su kaɗai ba mai yi musu girki. Wannan zai yi mana amfani nan gaba.

Sanyin kansa ba ya rage kalori, ba ya kuma ƙarawa. Ba ya kashe ƙwayoyin cuta, tsayar da su kawai yake yi har zuwa lokacin da abincin ya narke. Amfaninsa shi ne adanawa, kuma yana yin hakan ba tare da ya ɓata mafi yawan sinadaran gina jiki ba.

Sirrin yana cikin awo

Kalori ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki ne. A matsakaici, mace baliga na buƙatar kimanin 2,000 a rana, namiji 2,500, manomi mai wuni a fadama kuma fiye da haka. Wanda ke cin ƙasa da abin da jikinsa ke ƙonawa da kimanin kalori 500 a kullum zai iya sauke kusan rabin kilo a mako a farkon tafiya. Matsalar ita ce ido ba ya iya awo, kuma ɗan Adam na cin abin da aka ajiye masa. A 2002 Barbara Rolls da abokan aikinta a Jami'ar Jihar Pennsylvania sun riƙa ba mutane taliya da cuku a mazubai masu girma daban-daban. Da aka ninka abin da ake zuba musu, sai suka ci ƙarin kashi 30 cikin 100, ba tare da sun ce sun fi ƙoshi ba.

Nan ne daskararren abinci ya yi zarra, domin an riga an yanke maka iyaka, kuma ba tukunyar da za ka koma ka ƙaro. A wani gwaji da aka buga a 2004 daga Jami'ar Illinois, an ba mata 60 tsarin cin abinci mai kalori iri ɗaya na mako 8. Rabi suna zaɓar abincinsu da kansu bisa shawarar masana, rabi kuma ana ba su daskararren abinci aunanne sau biyu a rana. Masu aunannen abinci sun sauke kilo 5.6, sauran kuma kilo 3.6. A 2016 wani gwajin a Jami'ar California da ke San Diego, mai mutum 183 na mako 12, ya samu kashi 8.6 cikin 100 na nauyin jiki a kan kashi 6. Kamfanin Nestlé, mai Lean Cuisine, shi ya ɗauki nauyin wannan na biyu, kuma duka gwaje-gwajen na gajeren lokaci ne. Duk da haka darasin a fili yake: wanda aka auna masa ya fi wanda ya kintata da ido.

Ɗaya gefen: abincin masana'anta

Akwai kuma binciken da ke jan kunne. A 2019 Kevin Hall na Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa a Amurka ya kwantar da mutum 20 a asibitin bincike na tsawon wata guda. Mako 2 ana ba su abincin da masana'anta ta sarrafa ƙwarai, mako 2 kuma abincin da aka dafa daga ɗanyen kaya. An daidaita yawan kalori da sukari da mai da ake ajiye musu a duka biyun, aka ce kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin masana'anta sun riƙa cin ƙarin kalori kusan 500 a rana, suna ci da sauri, suka ƙara kusan kilo 1. A makonnin girki kuwa suka sauke kusan kilo 1.

A 2025 masu bincike a jami'ar UCL da ke Landan sun maimaita irin wannan da mutum 55 a gidajensu, mako 8 kowane ɓangare, kuma wannan karon duka abincin biyu sun cika ƙa'idar cin abinci mai kyau ta gwamnatin Birtaniya. A matsakaici an rage nauyi a duka biyun, amma abincin da ba a sarrafa sosai ba ya ba da kashi 2 cikin 100, na masana'anta kashi 1.

Waɗannan sakamako ba su ci karo da na baya ba. In aka ƙayyade maka adadi, aunannen abinci na taimakawa. In aka sakar maka mara, abincin masana'anta ya fi saurin wuce maka wuri. Kuma a rayuwa ta zahiri, 'yar roba mai kalori 300 ba ta riƙe cikin babban mutum daga azahar zuwa isha'i. In yunwa ta taso da la'asar ya bi ta da burodi da lemo, lissafin ya rushe.

Sai batun gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya wuce giram 5 na gishiri a rana, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, wanda ya yi daidai da miligiram 2,000 na sodiyam. Da yawa daga cikin irin waɗannan abinci na kamfani na ɗauke da miligiram 500 zuwa 700 a mazubi ɗaya. Mai hawan jini ya karanta wannan layin kafin na kalori. Wanda aka shigo da shi daga waje kuma sai an duba naman da ke ciki da yadda aka yanka shi, da lambar NAFDAC, da ranar lalacewa.

Tafiyar sanyi daga Legas zuwa Shagari

A nan ne maganar ta koma ta na'ura. Daskararren abinci na buƙatar zama a digiri 18 ƙasa da sifiri tun daga inda aka dafa shi har zuwa tukunyarka. Motar da ta taso daga Legas za ta bi Ibadan, Ilori, Jebba, Kwantagora, Yawuri, Jega da Tambuwal kafin ta iso Shagari, tafiyar kimanin kilomita 1,000. In ba mota mai injin sanyi ba ce, kula da ƙanƙara kaɗai ba za su riƙe wannan mataki ba a irin wannan nisa, balle in mota ta lalace ko ta kwana a hanya. Ƙwayoyin cuta na yaɗuwa da sauri tsakanin digiri 5 da 60. Abincin da ya narke ya yi ɗumi a hanya, sannan aka mayar da shi firiza, zai koma da tauri kamar ba abin da ya faru, alhali ya riga ya gurɓata.

Alamomin da ke tona asirin irin wannan abinci su ne manyan dunƙulen ƙanƙara a cikin mazubi, miyar da ta taru ta daskare a gefe ɗaya, kwalin da ya jiƙe ya bushe ya yamutse, ko murfin da ya kumbura.

In abincin ya iso lafiya, saura gida. Jihar Sakkwato na ƙarƙashin kamfanin Kaduna Electric, tare da Kaduna da Kabi da Zamfara, kuma a tsarin rukuni-rukuni da ake bi yanzu, layukan rukunin A ne kaɗai aka yi wa alƙawarin awa 20 a rana. Ƙa'idar da hukumomin abinci na Amurka ke bayarwa ita ce, in wuta ta ɗauke kuma ba a buɗe ƙofa ba, firiza cikakkiya na riƙe sanyi kusan awa 48, mai rabin kaya awa 24, firij kuwa awa 4 kacal. A zafin Afrilu na ƙasar Sakkwato, mai hankali zai rage wani abu daga wannan lissafi.

Ita ma firizar ba kowace ce aka ƙera don irin wannan yanayi ba. A takardar da ke manne a bayanta akwai ajin yanayi. Mai harafin N an yi ta don ɗakin da bai wuce digiri 32 ba, ST digiri 38, T kuma digiri 43. Mutumin Shagari ya nemi mai T, ya ajiye ta a inuwa, ya bar tazara tsakaninta da bango.

Maikirowef kuma, wanda aka rubuta masa wat 700 yana jan fiye da wat 1,000 daga soket, don haka ƙaramin janaretan shago ba zai ɗauke shi ba. Wannan ba babbar matsala ba ce, domin ana iya juye abincin a tukunya ko a turara shi a madambaci.

Sai kuɗi. Mai sayen daskararren abinci na biyan kuɗin girki da mazubi da dako da wuta, duk don cikin mutum ɗaya, alhali tukunyar gida ba za ta fasa hawa murhu ba saboda sauran iyali. Girki biyu ke nan a gida ɗaya.

Girkin gida ma ba ya rage ƙiba da kansa

Kada mai karatu ya ɗauka an gama, gida ya yi nasara. Wani nazari daga Jami'ar Johns Hopkins da aka buga a 2015 ya gano cewa Amurkawan da ke girkin dare a gida sau 6 zuwa 7 a mako na cin kimanin kalori 2,164 a rana, waɗanda ba sa wuce sau ɗaya kuma 2,301. Akwai bambanci, amma bai taka kara ya karya ba. A Shagari kuwa kusan kowa girkin gida yake ci, kuma hakan bai hana tumbi fitowa ba. Wurare huɗu ne kalori ke ɓuya.

Na farko mai. Giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sitaci ko furotin kuma 4. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja ko man shanu kusan kalori 120 ne. In aka tuttula rubu'in lita a tukunyar miya, an zuba kalori fiye da 2,000. A raba wa mutum 8, kowa ya tashi da kusan 260 tun kafin ya taɓa tuwo.

Na biyu malmala. Giram 100 na garin dawa ko gero ko masara na da kalori kusan 360. In aka tuƙa kilo 1 na gari aka fitar da malmala 10, kowace 360 ce. Mai cin biyu da rabi ya ci 900.

Na uku sukari. Fura da nono abinci ne mai kyau, gero ne da madara, amma kowane babban cokali na sukari da aka ƙara kusan kalori 50 ne. Haka shayi da koko da kunu da zoɓo. Lemon kwalba mai santilita 35 na ɗauke da sukari kimanin giram 35, wato kusan kalori 150 da ba sa ƙosarwa.

Na huɗu kwano ɗaya. Cin abinci tare al'ada ce mai albarka, amma wanda ya sa hannu a tire da mutum biyar ba zai taɓa sanin abin da ya ci ba.

Ga misali da garau-garau. Giram 400 na dafaffen wake da shinkafa kusan kalori 500 ne. Cokali 3 na mai 360, lemo 150, jimla ta haura 1,000. In aka mayar da shi giram 250, mai cokali 1, dafaffen ƙwai 1, aka cike faranti da kabeji da kokwamba da tumatir da albasa, aka bi da ruwa, an dawo wajen 550. Abincin bai canza suna ba, farantin ma bai ragu a ido ba, amma an sauke kusan kalori 450 a zama ɗaya. Wannan shi ne ainihin abin da kamfani ke sayarwa a cikin 'yar roba.

Shi ma gishirin gida abin lura ne. Dunƙulen ɗanɗano kusan rabinsa gishiri ne, kanwa ma sodiyam ce. Daddawa da albasa da tafarnuwa da citta da busasshen kifi na ba miya daɗi in aka rage dunƙule.

Na'urori biyar da suka fi odar abinci amfani

1. Sikelin kicin na dijital. Ƙarami ne, da batir yake aiki, yana auna daga giram 1 zuwa kilo 5. Ka ɗora farantin da babu komai, ka danna maɓallin da aka rubuta wa Tare don ya koma sifiri, sannan ka zuba abinci. Bayan mako biyu ko uku idonka zai koyi girman malmalar da ta dace, ba sai kullum ba.

2. Cokalin awon mai. A ware cokali ɗaya, a daina zuba mai kai-tsaye daga galan. Babu na'urar da ta fi wannan arha, kuma babu wadda ta fi ta tasiri.

3. Manhajar lissafin abinci. MyFitnessPal da FatSecret da Cronometer duk suna da sigar kyauta. A wasunsu masu amfani ne ke shigar da bayanan abinci da kansu, don haka za ka iya ganin lambobi mabambanta a kan tuwo ɗaya. Hanya mafi inganci ita ce ka shigar da ɗanyen kayan, wato gari da mai da wake da nama, sannan ka raba da yawan masu ci. Mai son tushe mai ƙarfi ya nemi jadawalin sinadaran abincin Afirka ta Yamma da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sabunta a 2019, ana sauke shi kyauta.

4. Tef ɗin tela da sikelin jiki. Faɗin ƙugu a daidai cibiya bai kamata ya kai rabin tsayinka ba. Mai tsayin santimita 170 ya yi ƙoƙarin zama ƙasa da 85. Awon nauyi sau ɗaya a mako, da safe, ya wadatar.

5. Ma'aunin sanyi na firiza. Shi zai faɗa maka ko an kai digiri 18 ƙasa da sifiri. In babu, ka daskarar da ruwa a kofi, ka ɗora ɗan tsakuwa a kai, ka bar shi a ciki. Ranar da ka tarar da tsakuwar ta nutse ƙasa, ka san kayan firizar sun narke sun sake daskarewa a bayan idonka.

Mai hali zai iya ƙarawa da firizar sola. Ƙaramar firiza mai buɗewa ta sama na cin kusan yunit 1 na wuta a rana, ko fiye a lokacin zafi, kuma fanel mai wat 300 na iya samar da sama da haka a yinin da rana ta buɗe. Sai dai injinta na jan wuta mai yawa a daidai lokacin tashi, don haka inbata da batir su kasance masu rara. Akwai kuma waɗanda ke aiki kai-tsaye da wutar sola, irin na kamfanin Koolboks, da ke tara sanyi a ƙanƙara da rana don amfanin dare.

Yadda za ka haɗa naka aunannen abinci

Wanda ke da firiza mai riƙe sanyi zai iya kwaikwayon dabarar kamfani da abincin da ya saba. Miyar kuka, ta kuɓewa, taushe, miyar ganye, dafaffen wake, alale, nama da kifi duk suna jure daskarewa. Tuwo kan canza laushi, gara a tuƙa sabo a auna. Kwaɗo da ɗanyen ganye da dafaffen ƙwai ba sa son firiza.

- A dafa da aunannen mai, a raba a ƙananan mazubai masu murfi daidai ci ɗaya, a rubuta kwanan wata a jiki.
- Kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a waje. In zafin gari ya haura digiri 32, awa 1 ce. Mazubi marar zurfi ya fi saurin hucewa.
- A yi hattara da shinkafa. Akwai ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus da ke tsira daga dahuwa, kuma in shinkafa ta daɗe da ɗumi tana fitar da gubar da ɗumame ba ya kashewa.
- A cike sauran sararin firiza da robobin ruwa. Ƙanƙararsu ce za ta riƙe sanyi in wuta ta ɗauke.
- A ɗumama har ya tafasa ciki da waje, a ci nan take. Abin da ya narke ya yi ɗumi ba a mayar da shi.
- Inda wuta ba ta da tabbas, kada a tara abin da ya wuce na mako guda.

Wanda ba shi da firiza bai yi asarar komai ba a fannin rage ƙiba. Ƙasar Hausa ta daɗe da nata hanyar adana abinci da rana: kuka, busasshiyar kuɓewa, kauɗar tumatir, busasshen zogale da rama, wake, daddawa, banda. Duk ba sa buƙatar ko wat ɗaya. Ga ɗanyen kayan lambu kuma akwai randar nan ta tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000. Tana tsawaita kwanan tumatir da tattasai da ganye, musamman a busasshen yanayi, amma sanyinta bai kai na ajiye dafaffen abinci ko nama ba.

Tsarin faranti kuwa mai sauƙi ne: rabi ganye da kayan lambu, kamar kwaɗon zogale ko rama da ɗan ƙuli-ƙuli, rubu'i wake ko kifi ko nama ko awara ko ƙwai, rubu'i tuwo ko shinkafa ko dambu. Ana buƙatar haɗin kan mai girki. Maigida ya zauna da uwargida su yi maganar cokalin mai da nasa kwano na daban, domin ragin mai da gishiri zai amfani gidan duka, ya kuma rage kuɗin cefane.

Wa ya dace da wanne?

Daskararren abinci na da wurinsa. Ma'aikacin da ke zaune shi kaɗai a Abuja ko Kaduna, mai tsayayyar wuta, wanda in ba shi ba zai ƙare a gidan abinci da soye-soye, zai iya amfana da shi, musamman in ya haɗa da kayan lambu. Ga mai iyali a Shagari ko Boɗinga kuwa, nisa da zafi da wuta da tsada duk sun taru sun rinjayar da ma'auni zuwa girkin gida, da sharaɗin a auna shi.

Mai shan maganin suga ko allurar insulin kada ya rage abinci farat ɗaya ba tare da sanin likita ba, domin sugansa na iya faɗuwa ƙasa har ya suma. Haka mai ciwon ƙoda, da mai ciki, da mai shayarwa. Yara kuma ba a sa su cikin wannan tsari, musamman a yankin da ƙarancin abinci mai gina jiki ya fi ƙiba yi wa yara illa. Wanda ya ga yana ramewa ba tare da ya rage ci ba, ga ƙishirwa da yawan fitsari, asibiti zai nufa a gwada jininsa. Manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato na da masana abinci da za su tsara wa mutum adadin da ya dace da jikinsa da aikinsa.

Mai son gwadawa ya fara da mako biyu: cokalin mai aunanne, kwanonsa daban, ruwa a madadin lemo, da tafiyar ƙafa ta minti 30 bayan asuba ko bayan la'asar in rana ta yi sanyi. Ya rubuta nauyinsa da faɗin ƙugunsa a ranar farko da ta 14. In lambobin sun fara sauka, ya ci gaba a haka, kuɗin odar kuma ya sayi wake da kayan lambu da su.